Wa ke duba gyaran da ba a yarda kowa ya gani ba? Matsalar shekarar 2000 a kwamfutocin sirri na Amurka

Da misalin ƙarfe 7 na yammacin ranar 31 ga Disamba, 1999 a birnin Washington, agogon GMT, wanda rundunar sojan Amurka ke bi a duk inda take, ya shiga shekarar 2000. A daidai wannan lokaci wata tasha da ke karɓar hotuna daga taurarin ɗan adam na leƙen asiri ta kasa sarrafa abin da ake aiko mata. Su taurarin lafiyarsu lau, suna can sama suna aikinsu. A ƙasa ne kwamfuta ta rikice. An ɗauki awa biyu zuwa uku kafin a koma kan shirin ko-ta-kwana, wanda shi ma bai iya ɗaukar aikin gaba ɗaya ba, sai bayan 'yan kwanaki komai ya dawo daidai. 'Yan jaridar da suka tare a Pentagon, hedikwatar Ma'aikatar Tsaron Amurka, a daren ba a sanar da su ba. Sai washegari mataimakin sakataren tsaro, John Hamre, ya fito ya faɗa.

Wannan na'ura ba mantawa da ita aka yi ba. An san tana da matsalar karanta shekarar 2000, an gyara ta, an gwada ta, an sa ta cikin jerin waɗanda suka shirya. Sai dai gwajin gunduwa-gunduwa aka yi shi, domin gwada ta baki ɗaya yana nufin a tsayar da ita daga aiki, kuma ba a son rufe idon ƙasa ko na ɗan lokaci. Kowane ɓangare ya ci jarrabawa shi kaɗai, da aka haɗa su a daren gaskiya sai suka faɗi. Wanda ke waje ba shi da hanyar sanin haka, domin kalma ɗaya kawai ake nuna masa: an gyara.

Ita matsalar kanta ba ta da wuyar fahimta. A shekarun 1960 da 1970 ma'ajiyar kwamfuta tana da tsada ƙwarai, don haka masu rubuta manhaja suka saba rubuta shekara da lamba biyu, 75 a maimakon 1975. Idan aka kai 00, na'ura na iya ɗauka 1900 ce, ko ta cire 99 daga 00 ta samu lissafin da ba shi da kan gado, ko ta tsaya cak. Akwai ƙarin tarko. Shekarar 2000 tana da 29 ga Fabrairu saboda tana rabuwa da 400, ƙa'idar da wasu manhajoji ba su sani ba. Hanyoyin gyara kuwa biyu ne suka fi yawa. Ko a faɗaɗa gurbin shekara ya koma lamba huɗu, wanda shi ne gyara na haƙiƙa amma mai cin lokaci da kuɗi, ko a sa wa manhaja iyaka, a ce mata daga 00 zuwa 19, misali, ta ɗauka ƙarni na 21 ne, sauran kuma ƙarni na 20. Wannan hanya ta biyu ita aka fi bi saboda sauri, kuma za mu dawo kanta.

Girman aikin shi ne abin tsoro. Ofishin babban mai bincike na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya bayyana a 1998 cewa Ma'aikatar Tsaro tana da kwamfutoci sama da miliyan 1.5, da tsare-tsaren sarrafa bayanai 28,000, da hanyoyin sadarwa 10,000. Daga ciki akwai masu biyan albashi da masu lissafin kayan gyaran jirage, akwai kuma masu gano tashin makami mai linzami da masu isar da umarni ga jiragen ruwa na ƙarƙashin teku. A rahotonsa na Afrilun wannan shekara ofishin ya ce ma'aikatar ba ta ma da cikakken jerin abin da ta mallaka, balle ta san wanne aka gyara.

Gwamnati ta gina tsarin sa ido mai hawa-hawa. GAO ya sa matsalar cikin jerin manyan haɗurra tun Fabrairun 1997. Ofishin kasafin kuɗi na fadar shugaban ƙasa ya wajabta wa manyan hukumomi su kawo rahoto duk wata uku, ya kuma sa 31 ga Maris, 1999 a matsayin wa'adin kammala gyaran muhimman na'urori. A Fabrairun 1998 Shugaba Bill Clinton ya naɗa John Koskinen ya jagoranci kwamitin da ke haɗa kan aikin. Majalisar dattawa ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Sanata Robert Bennett da Sanata Christopher Dodd. A majalisar wakilai kuwa Stephen Horn, tsohon shugaban jami'a, ya riƙa bai wa kowace hukuma maki kamar ɗaliba, ya kuma raba wa jaridu. A tsakiyar 1998 ya ba gwamnati gaba ɗaya F, a Nuwambar 1999 ya ba ta B+. Wannan dabara ta yi tasiri sosai, domin babu shugaban hukumar da ke son ganin sunan ma'aikatarsa a jarida da makin faɗuwa.

To amma dukan wannan gini yana tsaye ne a kan abu ɗaya: a bayyana. Makin Horn kunyar jama'a ce ƙarfinsa. Rahoton GAO yana aiki ne saboda ɗan majalisa da ɗan jarida da injiniyan da ke gida duk za su karanta su yi tambaya. Da zarar an shiga ɓangaren sirri, wannan ƙarfi ya ragu. Na'urar da ko sunanta ba a faɗa a fili, ba za a buga a jarida cewa ta makara ba. Dokar Clinger-Cohen ta 1996, wadda ta tsara yadda hukumomi za su tafiyar da fasahar sadarwa, ita kanta ta keɓe na'urorin tsaron ƙasa daga yawancin sharuɗɗanta. Hukumar leƙen asiri ta CIA ta daɗe tana ƙin buɗe wa GAO ƙofa, bisa hujjar cewa kwamitocin leƙen asiri na majalisun biyu ne ke da hurumin duba ta, su kuma waɗannan kwamitoci a bayan labule suke yawancin zamansu. Sakamakon shi ne, inda kuskure zai fi yin ɓarna, nan ne idanun da ke kallo suka fi ƙaranci.

Ba na cikin masu cewa sirrin ba shi da dalili. Jerin na'urorin da ba su shirya ba taswira ce ga abokin gaba, tana gaya masa inda zai taɓa da kuma daren da zai taɓa. Duk gwamnati mai hankali za ta ɓoye wannan. Abin da ya dame ni shi ne labulen da ke kare ƙasa daga maƙiyi shi ne dai ke kare jami'i daga mai bincike, kuma daga waje ba a iya bambance wanne ne ke aiki.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, amma sanin yoyo daban, faɗarsa ga na sama daban. Tsarin farko na Ma'aikatar Tsaro ya dogara ne ga kowane sashe ya tantance kansa: manajan shiri ya cike takarda ya sa hannu cewa na'urarsa ta shirya, a tattara lambobi a tura sama. A ƙarshen 1998 sufeto janar na ma'aikatar ya fitar da binciken da ya nuna aibin wannan tsari ƙarara. Hukumar da ke kula da makamai na musamman, wadda aikinta ya shafi lissafi da amincin rumbun makaman nukiliya, ta kai rahoton cewa uku daga cikin muhimman na'urorinta biyar sun shirya, alhali ba a yi musu gwajin da ƙa'ida ta tanada ba. Ba ta kuma tanadi cikakken shirin abin da za a yi idan sun tsaya ba. Ba sai an ɗauka mugunta ce ba. Mutumin da ke fuskantar wa'adi, ga matsin shugabanni, ga ɗan kwangila yana ba shi tabbaci da baki, zai iya sa hannu zuciyarsa kwance. Shi ya sa takardar da mutum ya cike wa kansa ba ta zama shaida.

A lura da wanda ya gano wannan. Ba ɗan jarida ba ne, ba kuma kwamitin Horn ba. Mai bincike ne na cikin gida, wanda ke da izinin ganin sirri, amma ba ya ƙarƙashin wanda yake bincika. A ganina nan ne zuciyar maganar take. Sa ido a kan abin sirri yana yiwuwa, amma sai an samu mutum mai abubuwa uku a lokaci guda: izinin shiga, ilimin da zai gane abin da ya gani, da 'yancin faɗa ba tare da tsoron rasa aikinsa ba. Irin waɗannan mutane kaɗan ne. Mai izini sau da yawa ma'aikacin shirin ne, mai 'yanci kuma sau da yawa a bakin ƙofa ake tsayar da shi.

Akwai wata hanyar kuma da lambobi ke yaudara ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Ana auna ci gaba ne da kaso: kashi nawa cikin ɗari na muhimman na'urori aka gyara. Wa ke yanke hukuncin cewa na'ura muhimmiya ce? Hukumar da ake aunawa. A ƙarshen 1997 gwamnatin tarayya ta lissafa muhimman na'urori sama da 8,500, zuwa 1999 adadin ya sauko kusa da 6,000, kuma Ma'aikatar Tsaro na da kaso babba a wannan raguwa. Wani ɓangare na raguwar halas ne, domin an yi ritayar tsofaffin na'urori, an haɗe wasu, an gyara kurakuran ƙidayar farko. Amma duk na'urar da ba ta shirya ba da aka cire daga jeri, kason nasara zai tashi ba tare da an taɓa layi ɗaya na manhaja ba. 'Yan majalisa sun yi wannan tambaya a fili game da hukumomin farar hula. Game da na'urorin sirri kuwa, mai tambayar sai ya kasance a cikin ɗakin.

Abin da ya sauya tafiyar Pentagon ya zo ne a Agustan 1998, lokacin da sakataren tsaro William Cohen ya fitar da umarnin da ya mayar da matsalar daga hannun sashen kwamfuta zuwa wuyan kwamandoji da shugabannin rundunoni. Ya haɗa ta da kuɗi: sashen da bai cika sharuɗɗa ba zai iya ganin an riƙe masa kuɗin wasu ayyukan manhaja. Majalisa ta ƙara da nata, ta sa a dokar tsaro cewa a shigar da gwajin shekarar 2000 cikin atisayen soja, sannan a Oktoban 1998 ta ware dala biliyan 3.35 na gaggawa, biliyan 1.1 daga ciki na tsaro. Daga nan tambayar ta tashi daga "wannan na'ura ta shirya?" ta koma "wannan aiki zai yiwu?" Wato a tura agogo gaba, a bi saƙo tun daga na'urar da ta hango makami har zuwa teburin wanda zai yanke shawara, a ga ko ya isa. Gani ya kori ji.

Dalilin da ya sa wannan gwaji na daga farko har ƙarshe ya fi kowanne muhimmanci shi ne na'urori ba sa zama su kaɗai. Ɗaya tana aika wa ɗaya kwanan wata. Idan mai aikawa ta koma lamba huɗu, mai karɓa kuma tana jiran lamba biyu, duka biyun an gyara su, duka biyun suna da takardar shaida, amma saƙo ba zai wuce ba. An wajabta rubuta yarjejeniya tsakanin masu na'urorin da ke musayar bayanai don kauce wa haka. A duniyar sirri wannan ma yana da wuya, domin ƙa'idarta ita ce kowa ya san iya abin da aikinsa ke buƙata. Injiniyan wannan ɓangare ba lallai a ba shi damar ganin yadda ɗaya ɓangaren ya yi nasa gyaran ba. Katangar da aka gina don kada ɗan leƙen asiri ɗaya ya kwashe komai, ita ce ke hana injiniya ɗaya ganin komai, kuma kuskuren kwanan wata a mahaɗa yake ɓuya.

Sannan ga tambayar wa zai yi gyaran. Kamfanoni masu zaman kansu sun tura aiki mai yawa ƙasashen waje, musamman Indiya, inda kamfanonin manhaja suka samu bunƙasa a wannan lokaci. Na'urar sirri ba a yi mata haka. Sai mai izini, binciken ba da izini kuma yana cin watanni, ga shi yawancin manhajojin an rubuta su da tsofaffin harsunan kwamfuta waɗanda masanansu da yawa sun yi ritaya. A 1999 cibiyar kare muhimman kayayyakin ƙasa da ke ƙarƙashin hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta yi gargaɗin cewa wannan gagarumin buɗe manhajoji dama ce ga mai son dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar shiga kwamfuta ba da izini ba. Don haka mai sa ido yana da tambayoyi biyu masu jan juna: an yi gyaran da sauri kuwa, kuma an tabbatar da hannun da ya yi shi? Duk wanda ya matsa a kan ta farko yana sassauta ta biyu.

Wuri ɗaya da aka ɗaga labule da gangan ya cancanci a tsaya a kansa. Tsoron masana ba wai makami zai tashi da kansa ba ne, domin harba shi na buƙatar umarnin mutane. Tsoron shi ne allon gargaɗi ya mutu ko ya nuna abin da babu, wani kuma ya ɗauka hari ne. Amurka ta taɓa ganin irin wannan a 1979, lokacin da faifan atisaye ya shiga na'urar gargaɗi ta gaske, da kuma 1980, lokacin da wani ƙaramin ɓangare na kwamfuta ya lalace ya nuna makamai na tahowa. Amurka ba ta da ikon bincikar kwamfutocin Rasha, Rasha ma haka. Maganar haɗin kai tsakanin ƙasashen biyu kan matsalar ta tsaya a 1999 saboda yaƙin Kosovo, aka dawo da ita a watan Satumba. Abin da aka cimma shi ne cibiya a sansanin sojan sama na Peterson da ke jihar Colorado, inda hafsoshin Rasha da na Amurka suka zauna ɗaki ɗaya daga ƙarshen Disamba zuwa tsakiyar Janairu suna kallon bayanan gargaɗi tare, da layin waya zuwa Mosko. Babu wanda ya nuna wa ɗan'uwansa cikin manhajarsa. Sun yarda ne cewa ba za su iya tabbatar da gyaran juna ba, sai suka tanadi hanyar da kuskure ba zai zama yaƙi ba. Ina ganin wannan ya fi duk takardun shaida gaskiya, domin ya fara ne daga ɗaukar cewa gyara na iya gazawa.

Daren ya wuce ba tare da bala'i ba. Ban da tashar taurarin, an samu tangarɗa a masana'antar makaman nukiliya ta Y-12 da ke Oak Ridge a jihar Tennessee, a wata kwamfuta mai bin lissafin kayan nukiliya, aka gyara cikin awanni. Gwamnatin tarayya ta kashe kimanin dala biliyan 8.5, sama da biliyan 3 daga ciki a Ma'aikatar Tsaro, ƙasar gaba ɗaya kuma kimanin biliyan 100. Nan take aka fara cewa an zuzuta abin, ana kafa hujja da ƙasashe irin su Italiya da Rasha da suka kashe kaɗan kuma ba su ga tashin hankali ba. Hujjar tana da nauyi a wasu fannoni, kuma babu shakka wasu 'yan kwangila sun ci kasuwa da tsoron mutane. Amma game da na'urorin sirri, gardamar ba ta yankuwa daga waje. Gazawar da aka kama a wurin gwaji sirri ce, wadda ta faru a daren ma sai wadda hukuma ta ga dama ta faɗa. Mai biyan haraji an ce masa ya biya, an ce masa an yi nasara, kuma duka biyun da baki ne.

Shin dole ne haka ta kasance? Akwai misalin da ke nuna ba dole ba ne. A ranar 25 ga Fabrairu, 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot da ke Dhahran a Saudiyya ta kasa tare wani makamin Scud na Iraƙi, ya faɗa kan masaukin sojoji ya kashe Amurkawa 28. Sanadin agogo ne. Na'urar ta yi kimanin awa 100 tana aiki ba a kashe ta ba, ɗan kuskuren lissafin lokaci ya taru ya kai kusan sulusin daƙiƙa, wanda ya isa ta nemi makamin a inda ba ya nan. Gyararriyar manhaja ta iso washegari. Bayan shekara guda GAO ya buga rahoto a fili yana bayyana lissafin dalla-dalla, har yau kuma ana koyar da shi ga ɗaliban injiniya. Ba a tona wani sirrin da ya cutar da ƙasa ba, duniya kuma ta koyi abu. Ana iya ɓoye abin da na'ura ke gani, a bayyana yadda ta gaza da yadda aka gwada ta. Game da shekarar 2000, da an fitar da bayanin na'urorin sirri nawa ne mai bincike mai zaman kansa ya gwada, nawa aka gwada daga farko har ƙarshe, nawa kuma aka karɓa bisa sa hannun mai su, da maƙiyi bai ƙaru da komai ba, majalisa da jama'a kuwa da sun san nauyin kalmar da aka ba su.

Maganar ba ta mutu da 1999 ba. Waccan hanya ta sa iyaka jinkirta matsala ta yi. A Janairun 2020 na'urorin biyan kuɗin ajiye mota a birnin New York suka daina karɓar kati saboda wani kwanan wata da aka dasa a manhajarsu aka manta. Wannan a titi ya faru, kowa ya gani. Na'urar soja kuwa tana yin shekara talatin ko arba'in a bakin aiki, kuma bayanin iyakar da aka sa mata a 1998 yana cikin takardun da ba kowa ke da izinin buɗewa ba, waɗanda suka rubuta su kuma sun bar aiki. Agogon GPS yana ƙirga makonni ne har 1,024 ya koma sifili. Ya yi haka a Agustan 1999, ya sake a Afrilun 2019. A Fabrairun 2007 jiragen yaƙi samfurin F-22 da suka tashi daga Hawaii zuwa Japan sun rasa na'urorin nuna hanya da suka ƙetare layin canjin rana a tekun Pasifik, sai da suka bi jiragen da ke ba su mai suka koma. A gaba kuma akwai 19 ga Janairu, 2038, ranar da ma'aunin daƙiƙoƙi na tsofaffin na'urori masu aiki da tsarin manhajar Unix zai cika ya juya, kuma da yawansu a binne suke cikin na'urorin rada masu hango jirage da makamai da kayan sadarwa, inda sauya manhaja ke nufin a kwance ƙarfe.

A 1999 akwai rana ɗaya da duniya duka ta sani, akwai ɗan majalisa mai raba maki, akwai kuɗin gaggawa, akwai sakataren tsaro da ya ɗora wa kwamandoji alhaki da sunansu. Da duk wannan, na'urar da aka gwada gunduwa-gunduwa ta shiga jerin waɗanda suka shirya. An rufe kwamitin Koskinen da na majalisar dattawa a farkon shekarar 2000, a 2017 kuma ofishin kasafin kuɗi ya soke ragowar ƙa'idojin kai rahoto kan matsalar. Kafin 2038, aikin da ke gaban kwamitocin tsaro da na leƙen asiri da sufetocin hukumomi shi ne su nemi jerin kowace na'urar sirri da ranar da agogonta zai ƙare, da sunan wanda ya gwada ta wanda ba shi ya gina ta ba, tun na'urorin da ake saye yau ba su kai shekarun da za a ce ba a iya tsayar da su don gwaji ba.